Maƙala ɗari biyu ta Robert Woodward, da abin da ƙidaya ba ta gani

A watan Fabrairun 1972, a wani taron masana sinadarai da aka yi a birnin New Delhi na Indiya, Robert Burns Woodward na jami'ar Harvard ya tsaya gaban jama'a ya ba da labarin cewa an kai ƙarshen haɗa bitamin B12 a ɗakin gwaje-gwaje. Aikin ya ci sama da shekara goma. Mutum kusan ɗari daga ƙasashe 19 suka sa hannu a ciki, wasu a Harvard ƙarƙashin Woodward, wasu a birnin Zurich na Suwizalan ƙarƙashin Albert Eschenmoser. Har yau idan masu wannan fanni suna lissafa manyan ayyukan ƙarni na ashirin, da wuya su wuce na uku ba su ambaci wannan ba.

To amma Woodward har ya rasu a 1979 bai zauna ya rubuta cikakkiyar maƙala a kan aikin ba. Abin da ya bari laccoci ne da aka buga, kamar na 1968 da 1971 da 1973. Cikakken bayanin ɓangaren Zurich kuwa sai a 2015 Eschenmoser ya fitar da shi, bayan shekara 43. Da a ce akwai kwamitin ƙarin girma da ke zaune da takardar lissafi, irin wanda malaman jami'a a Najeriya da sauran duniya suka sani, mai ware maki kaza ga maƙalar mujalla da maki kaza ga jawabin taro, da aikin da ya fi kowanne girma a rayuwar mutumin nan ya faɗa rukunin da ya fi ƙarancin maki. Wannan ne ya sa nake ganin labarinsa ya dace da duk mai son sanin abin da ake nufi idan an ce masani yana da tasiri.

Kafin a je can, sai an san sana'ar.

Fannin Woodward shi ne kimiyyar sinadaran kabon, wato sinadaran da jikin mutum da dabba da tsiro suka ginu a kansu. Ƙwayoyin zarra na kabon suna da ɗabi'ar kama juna, su yi sarƙa, su yi zobe, zobe ya hau kan zobe, sauran ƙwayoyin zarra su rataya a jiki. Mai haɗa sinadari magini ne da ba ya iya taɓa tubalinsa, ba ya ma ganinsa. Abin da yake da iko a kai shi ne yanayi: ya ƙara wuta ko ya rage, ya zuba wannan ruwa ko wancan, ya jira awa ɗaya ko kwana uku, da fatan tubalan su jera kansu yadda yake so. Kowane mataki kuma yana cin nasa kason. A ce kowane mataki yana mayar maka da kashi 80 cikin ɗari na abin da ka zuba, wanda ba laifi ba ne, to bayan mataki 30 abin da zai rage bai kai kashi ɗaya da rabi cikin dubu ba.

Akwai wata wahalar da ta fi wannan. Sinadarai da yawa suna da dama da hagu kamar tafin hannu: kayan gini iri ɗaya, jeri iri ɗaya, amma ɗaya ba ya hawa kan ɗaya. Jikin mutum kuwa yana bambancewa, kamar yadda ƙafa ke bambance takalmin dama da na hagu. Kolastarol yana da irin waɗannan wurare takwas, ke nan a lissafi akwai siffa 256 da za a iya samu, guda ɗaya tak ce wadda ke jikinmu. Kafin zamanin Woodward, da yawa daga masu haɗa sinadarai sukan yi aikin su ga abin da ya fito, sannan su tsince abin da suke nema daga tarkace. Shi kuwa yakan zauna ya tsara hanyar a takarda tun daga farko, ya yi amfani da abin da aka sani game da yadda lantarkin cikin ƙwayar zarra ke motsi don ya hango inda kowane mataki zai kai. Wata dabararsa da ta shahara ita ce ya ɗaure sinadarin cikin zobe don ya ƙage, ya hana shi juyi, ya tilasta sabon yanki ya shigo ta gefen da ake so, bayan nan ya kwance zoben.

An haife shi a Boston a 1917. Ya shiga makarantar MIT yana ɗan shekara 16, aka sallame shi saboda ba ya halartar darussan da ba su dame shi ba, aka mayar da shi, ya fito da digirin digirgir a 1937 yana da shekara 20. Daga nan sai Harvard, inda ya zauna har ƙarshen rayuwarsa. Ya haɗa kwinin a 1944, kolastarol da maganin kumburi kotison a 1951, gubar sitiriknin a 1954, maganin hawan jini resafin a 1956, koren sinadarin ganye kulorofil a 1960, maganin kashe ƙwayoyin cuta sefalosiforin C a 1965. A shekarar 1965 ɗin aka ba shi kyautar Nobel, kuma kwamitin ya kira abin da ya yi da sunan fasaha, kalmar da aka fi ajiye wa masu zane da masu kiɗa. Duk rubuce-rubucensa ba su wuce ɗari biyu ba, kuma fiye da rabinsu gajerun sanarwa ne da laccoci da bitar ayyuka. A yau akwai furofesoshin sinadarai masu maƙala sama da dubu.

Kwinin ya cancanci a tsaya a kansa, don shi ne ya fi kusa da mu, kuma shi ne ya fi nuna yadda suna da amfani suke iya rabuwa. Maganin zazzaɓin cizon sauro ne da ake samu daga ɓawon itacen sinkona. Faransawa biyu, Pelletier da Caventou, suka fara tace shi a 1820. Da shi William Baikie ya hau kogin Kwara da Binuwai a 1854 ba tare da zazzaɓi ya kashe masa mutum ko ɗaya ba, abin da ya buɗe wa Turawa hanyar da a da take cinye su. A 1942 Japan ta kama tsibirin Java, inda mafi yawan sinkonar duniya ke fitowa a lokacin, sai kwinin ya yi wuya. Da Woodward da William Doering suka sanar da nasu aikin a 1944, jaridun Amurka suka ɗauke su kamar waɗanda suka ceci sojoji. Gaskiyar magana ita ce babu ƙwayar magani ko ɗaya da ta fito daga wannan hanya. Ta yi tsawo, ta yi tsada. Sojojin da wani magani na daban suka dogara, kuma har yau daga ɓawon itace ake samun kwinin, Kongo na cikin manyan masu nomansa. Kamfanin Polaroid da ya ɗauki nauyin binciken ma ba zazzaɓi ne ya dame shi ba, yana amfani da kwinin ne wajen yin gilashin tace haske.

Bayan haka akwai wata ƙura. Woodward da Doering ba su kai ga kwinin kansa ba. Sun tsaya a wani sinadari mai suna kwinotoksin, suka dogara da rahoton wasu Jamusawa biyu, Rabe da Kindler, waɗanda a 1918 suka ce sun mayar da kwinotoksin kwinin cikin mataki uku, amma ba su ba da cikakken bayanin yadda suka yi ba. A 2001 Gilbert Stork na jami'ar Columbia, wanda ya haɗa kwinin ta tasa hanyar, ya fito ya ce batun cewa an haɗa kwinin a 1944 almara ce da aka yi ta maimaitawa. Mujallu suka ɗauka. Sai a 2007 Jeffrey Seeman ya bi tsofaffin takardu ya nuna cewa akwai hujjar gaskata Jamusawan, sannan a 2008 Aaron Smith da Robert Williams na jami'ar jihar Colorado suka maimaita matakan ukun da irin kayan aikin wancan zamani, suka samu kwinin. Shekara 90 ke nan tsakanin iƙirari da tabbatarwa. Cikin waɗannan shekaru an yi ta ambaton maƙalar 1944, masu yabo suna ambato, masu suka suna ambato, kuma injin ƙidaya duk ɗaya yake lissafa su.

Injin ƙidayar yana da nasa tarihi. Eugene Garfield ne ya fara fitar da kundin da ke nuna wa ya ambaci wa a mujallun kimiyya, a 1964, kuma asalin niyyarsa ita ce ya sauƙaƙa wa masu bincike bin sawun magana. Daga baya aka mayar da shi sikeli. A 2005 wani masanin fiziya, Jorge Hirsch, ya kawo ma'aunin h: idan kana da maƙala 20 da kowacce aka ambace ta aƙalla sau 20, ma'auninka 20 ne. Dabarar tana da kyau ta wani gefe, don tana hana mai tarin takardun da ba wanda ya karanta ya yi taƙama da yawa. Amma ba za ta taɓa wuce adadin maƙalunka ba, kuma tana ƙaruwa da girman fanninka da yawan mutanen da ke rubutu a zamaninka. Wanda ya yi aiki a 1955, lokacin da mujallu ba su da yawa, ba a gwada shi da wanda ke aiki yau. A 2012 wasu editoci da masana suka haɗu a San Francisco suka tsara sanarwa suna roƙon a daina auna mutum da darajar mujallar da ya buga a ciki. Jami'o'i da yawa sun sa hannu, amma halin bai gushe ba, saboda ƙidaya tana da sauƙi, karanta aikin mutum kuma yana cin lokaci.

Akwai kuma wani abu da masu nazarin ambato suka daɗe da lura da shi: idan ilimi ya shiga jinin fanni, sai a daina faɗin inda ya fito. Babu mai kawo sunan wanda ya ƙirƙiro awo duk lokacin da ya auna gero. Tun a 1941 da 1942 Woodward ya fitar da ƙa'idojin da ake gane siffar sinadari ta yadda yake shan hasken da ido ba ya gani, a lokacin da manyan fannin suke ganin na'ura ba aikin masanin kirki ba ce. Ɗalibai suna koyon waɗannan ƙa'idoji a aji har yanzu, daga littafin karatu, ba tare da sun taɓa ganin maƙalar asali ba. Wannan tasiri ne mai girma da ba ya barin sawu a kundin ambato.

Haka batun sitiriknin, gubar nan da Robert Robinson na Ingila ya ce idan aka duba girmanta babu sinadarin da ya kai ta sarƙaƙiya. Woodward ya haɗa ta cikin mataki 29, abin da ya samu a ƙarshe ɗan mitsitsi ne. An yi kusan shekara 40 kafin wani ya sake. A 2011 Christopher Vanderwal ya yi ta cikin mataki shida. Mai kallo daga waje zai ce ai an kayar da tsohon. Amma mai shiga daji da gatari ba a gwada saurinsa da mai bin kwalta. Abin da aikin 1954 ya yi shi ne ya cire wa mutane tsoro, ya nuna cewa babu sinadarin da ya fi ƙarfin tsari.

Mu koma kan B12, don a can ne abin da ya fi komai ban sha'awa ya faru. Shi ma ba don kasuwa aka haɗa shi ba, kamfanoni da ƙwayoyin bakteriya suke samar da shi, a da da yanzu. Dorothy Hodgkin ta Oxford ce ta gano siffarsa a tsakiyar shekarun 1950: babban zobe da ƙarfen kobal a tsakiya, da wuraren dama da hagu guda tara a kewaye. Ana cikin aikin, wani mataki ya ba da kishiyar siffar da Woodward ya yi tsammani. Da aka yi da zafi sai a samu wannan, da aka yi da haske sai a samu wancan. Wani da ya sake dabara ya wuce. Shi ya tsaya a kan tambayar, ya nemo wani matashi a Harvard mai suna Roald Hoffmann, ɗan shekara 26, gwanin lissafin yadda lantarki ke zama a cikin sinadari. A 1965 suka fitar da gajerun maƙalu biyar da suka zama ƙa'idojin Woodward da Hoffmann, waɗanda ke faɗa maka tun kafin ka kunna wuta ko wani nau'in haɗi zai yiwu, da kuma gefen da zai juya. A doguwar maƙalarsu ta 1969, a ƙarƙashin kan maganar da ya shafi inda ƙa'idar ke karyewa, cewa suka yi babu. Ƙarfin hali ke nan, ko girman kai, ya danganta da wanda ka tambaya.

Saboda haka abin da ya fi daraja a aikin shekara goma sha ɗaya, a hanya aka tsince shi. Babu hukumar ba da tallafi da za ta iya rubuta shi cikin sharuɗɗa tun farko. Hoffmann ya karɓi Nobel a 1981 tare da Kenichi Fukui na Japan, wanda tun 1952 ya fara bin wannan tunani ta wata ƙofa. Woodward ya rasu shekara biyu kafin nan, kuma ba a ba mamaci kyautar.

Ba na son a ɗauka ina wanke shi ne tas. Tambayar wa ya fara tana bin sa kamar inuwa. Wani masani ɗan Holan, Oosterhoff, ya taɓo wannan tunani tun 1961. A 2004 kuma E. J. Corey, abokin aikinsa a Harvard wanda shi ma ya ci Nobel a 1990, ya faɗa a bainar jama'a cewa shi ne ya ba Woodward mabuɗin maganar a wata hira ranar 4 ga Mayun 1964. Hoffmann ya mayar da martani a rubuce bai yarda ba. Wanda zai raba gardamar ya shekara 25 a kabari. Shi kansa Woodward ya ɗanɗani irin wannan: a 1952 shi da Geoffrey Wilkinson da wasu biyu suka bayyana siffar ferosin, inda ƙarfe ke zaune tsakanin zobba biyu kamar nama a tsakanin burodi, amma da aka zo ba da Nobel a 1973 sai aka ba Wilkinson da Ernst Otto Fischer. Ya rubuta wa kwamitin wasiƙa yana cewa an yi masa rashin adalci. Mai Nobel ɗaya a hannu yana kukan ta biyu. Masana ma mutane ne.

Abin da ya fi damuna shi ne mutum ɗarin nan na B12. Su ne suka kwana a tsaye gaban tulun gilashi, suka shaƙi tururi, suka maimaita mataki ɗaya sau hamsin har ya yi. Wasu sun ba aikin shekara biyu ko uku na ƙuruciyarsu. Tunda ba a rubuta cikakkiyar maƙala daga Harvard ba, da yawansu sun tafi neman aiki ba su da takardar da ke ɗauke da sunansu a kan abin da suka yi, sai dai godiya a cikin lacca da wasiƙar shaida daga maigida. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. A zamaninsa wasiƙar Woodward ta isa ta buɗe kowace ƙofa, don haka tsarin ya yi wa wasu rana. Amma tsari ne da ke rataye a wuyan mutum ɗaya da son ransa. A nan ne nake ganin masu ƙidaya suna da tasu gaskiyar: maƙala mai suna a jiki kariya ce ga ƙaramin ma'aikaci, kuma lissafi, duk da makantarsa, ba ya tambayar ɗan gidan wa ne kai. Cikakken bayanin kulorofil ma sai a 1990 ya fito, shekara 30 bayan sanarwar farko.

Wanda ya taso a inda ake karatun zaure ya san wata hanyar auna malami. Ba a cika tambayar littafi nawa ya wallafa ba, ana tambayar a wajen wa ya ɗauka, wa kuma ya ɗauka a wajensa. Idan aka bi wannan silsila, Woodward ya horar da mutum sama da ɗari biyu, masu digirin digirgir da waɗanda suka zo ƙarin sani bayan digirin. Ronald Breslow da Kendall Houk da Stuart Schreiber duk ta hannunsa suka bi, kowannensu ya kafa nasa zauren. Zaman da yake yi da su daren Alhamis yakan kai tsakar dare, laccarsa takan ci awa uku ko huɗu, yana zana sinadarai a allo da alli kala-kala, daga kusurwar sama ta hagu har ya cika allon ba tare da ya goge ba. Ɗalibai har suka mayar da sunansa ma'aunin tsawon lacca don tsokana. A irin wannan zama ake koyon abin da ba ya shiga mujalla: yadda ake kallon siffa a ga inda za a fara yanka, da lokacin da ya kamata a yarda da sakamakon da bai yi maka daɗi ba.

Yoshito Kishi, ɗan Japan, yana cikin waɗanda suka zo Harvard aikin B12. Daga baya ya zama furofesa a can, kuma a 1992 ya haɗa wani sinadari mai wuyar gaske da ake samu a jikin soson teku. Daga wannan aiki kamfanin Eisai ya fitar da eribulin, maganin sankarar mama da Amurka ta amince da shi a 2010, wanda a masana'anta ake haɗa shi mataki bayan mataki, sama da sittin. Abin da kwinin bai yi ba a 1944, wato ya tashi daga allo ya isa gadon asibiti, jikan aikin ya yi. Sunan Woodward ba ya kan takardar maganin.

A 1956 Woodward ya rubuta cewa eritiromaisin, maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake sha har yau, ya fi ƙarfin masu haɗa sinadarai a lokacin, saboda yawan wuraren dama da hagu da ke jikinsa, goma a babban zoben kaɗai. Shi ne aikin da yake kai lokacin da ciwon zuciya ya ɗauke shi ranar 8 ga Yulin 1979, yana da shekara 62. Kishi ne ya riƙe ɗaliban har suka ƙarasa. A 1981 aka buga sakamakon cikin maƙalu uku a mujallar ƙungiyar masana sinadarai ta Amurka, sunan Woodward a gaba, sunayen mutum 48 na biye da shi.